Hoton da Ke Tagar Gwaggo

Ranar Talata da hantsi Gwaggo ta cika, kafin azahar an kai ta makwancinta. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ban taɓa ganin mata sun taru a Balan kamar na ranar ba. Daga Gaya, daga Toranke, daga rugagen da ke bayan Ajingi, wata da goyo, wata da tsohon ciki, wata tana jan jika a hannu. Kusan duk wadda ta shigo sai ta nuna wani yaro ta ce marigayiya ce ta yanke masa cibi.

Wata matar maƙwabta tana cikin kuka ta ce, "Yanzu wa zai riƙa zaginmu in muna naƙuda?" Sai ga mata suna dariya hawaye na zuba. Baba, wanda shi ne ƙanenta, yana zaune a ƙofar gida yana amsa gaisuwar maza, bai yi kuka ba. Amma sau huɗu yana leƙowa cikin gida yana tambaya ko an ba akuyar Yaya ruwa.

Ina tsugunne ina zuba wa baƙi kunu na ji wata dattijuwa ta ce, "Allah sarki, baiwar Allah. Ta karɓi 'ya'yan gari duka, ita kuwa ba ta bar baya ba." Ba da mugunta ta faɗa ba, kuma ba wanda ya musa mata. Ni ma ban musa ba. Duk wadda ta zo wucewa ta kaina cewa take, "Ya haƙurin rashin gwaggonki?" in ce da godiya, ta wuce ɗakin matan Baba ta zauna. Maganar dattijuwar nan ce ta sa na ɗauki alƙalami, da ɗan rubutun da na koya a ajin yaƙi da jahilci, don kada a manta ko wace ce aka binne ranar.

Gwaggo yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta yi aure biyu, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Da mijinta na biyu ya rasu ta dawo gidan ƙanenta, ta gaji ungozomanci daga tsohuwarsu. Ni kuwa yaye aka kai ni ɗakinta ina da shekara biyu, aka ce kwana bakwai zan yi. Da kwanakin suka cika ta ce ai yarinyar ba ta gama mantawa da nono ba. Haka aka yi ta ƙara kwana har na yi aure daga ɗakin. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama, don haka ban san wani ɗaki ba sai wannan.

Tun ranar da aka ajiye ni a gabanta ta daina faɗin sunana. Mu a nan uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Gwaggo ta ɗauki kunyar nan kacokan ta ɗora a kaina. "Ke yarinyar nan," shi ne sunana a bakinta. In wata mai irin sunana ta zo awo, sai ta ce mata "mai sunan wance". Ina ƙarama na ɗauka ƙi na take yi. Sai da na yi wayo na gane babu abin da ta taɓa ba ni da ya kai wannan.

Mace ce gajera, mai faɗin kafaɗa, haƙoranta ja wur da fure da goro. Murya gare ta kamar ta mai tallar gishiri. Ba ta taɓa ɗora hannu a cikin mace ba sai ta fara gasa shi a bakin murhu, ko da bazara ce. Tana gamawa sai ta ce, "To, bari in tambayi hannuna." Idan mai naƙuda ta cika raki, zagi take sha: "Lokacin da kike dariya ban ji kin aiko a kira ni ba." Amma ita ce da sassafe za ka gani da ɗaurin itace a ka, za ta gidan da ta san ba su da na dafa ruwan jego. Idan aka yi mata godiya sai ta haɗe rai ta ce itacen ne ya tsare mata hanya a ɗaki. Baba kuma, da furfurarsa da matansa da rawaninsa, Auta take ce masa a gaban kowa. Yakan sunkuyar da kai ya ce, "Na'am, Yaya."

An kai ni Toranke gidan miji, na shekara uku ban sami ciki ba. Sai aka fara yaƙin basasa, mijina ya bi samarin garin suka shiga soja. Ya shekara biyu bai leƙo gida ba, wasiƙa biyu kawai muka gani. A cikin shekara ta biyun nan ne cikina ya fara tasowa. In na ci loma uku sai in ji na ƙoshi, zuciyata na tashi, al'adata ta ɗauke, zani ya daina zagaye ni. Wani lokaci in na kwanta sai in ji abu ya yi nauyi ya gangara gefe, in ce motsi ne.

Matar da mijinta ya shekara biyu ba ya nan, ga ciki ya fito, kowa ya san abin da za a faɗa a bakin rijiya. Amma uwar mijina mutuniyar kirki ce, kuma ta san ni. Ta ce ciki ne ya kwanta. A wurinmu sanannen abu ne, ciki yakan shiga ya yi barci shekara biyu har uku, sa'annan ya tashi, kuma ɗan na mai gida ne ba gardama. Ta ce tun kafin ɗanta ya tafi aka samu, yanzu Allah ya tashe shi. Na kama maganar nan hannu bibbiyu. Shekara biyar ina son in ji ana yi mini sannu irin ta masu ciki, ga shi ana yi. Har na fara ɗinka 'yar riga a ɓoye. Abu ɗaya ya rage bakin mutane ya mutu: ungozoma ta taɓa ta ce haka ne. Aka aika Balan.

Gwaggo ta iso a kan jaki da rana tsaka. Ta sha ruwa, ta gasa hannu, ta ce bari ta tambaye shi. Ban taɓa ganin ta daɗe a kan ciki kamar ranar ba. Ta danna mara, ta koma sama, ta cusa yatsu ƙarƙashin haƙarƙarina na hagu. Ta ce, "Ja numfashi. Riƙe. Saki." Ta kara kunne, ta daɗe. Ta ƙwanƙwasa da yatsa nan da can. Da ta ɗago, fuskarta ba ta yi mini daɗi ba.

Ta ce, "Babu ɗa a nan."

Uwar mijina ta matso, ta rage murya, don akwai mata uku a bakin ƙofa. "Yaya, ki dai sake dubawa. Kwanciya ya yi, shi ya sa."

"Uwar soja, ciki daga ƙasa yake hawowa. Wannan daga sama yake saukowa, daga wajen saifa. In ta ja numfashi ya bi ta, in ta saki ya koma. Mara kuwa wayam take."

"To ki ce ya kwanta mana, me zai rage ki? Kin san bakin garin nan. In ba ki faɗa ba, yarinyar nan ba ta da inda za ta sa kanta."

Gwaggo ta ce, "In na ce ɗa ne, zama za ku yi kuna jiransa. Shi ba zai zo ba, ita ce za ta tafi."

A nan ne na yi abin da har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse. Na tashi zaune, na ja zanina, na dube ta ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba, na ce, "Ke da ba ki taɓa ɗaukar ciki ba, ina kika san yadda yake motsi?"

Matan bakin ƙofa suka sulale. Gwaggo ta dubi tafin hannunta, ta goge shi a zaninta, ta gyara mayafi. Sa'annan ta kira sunana. Sunana na yanka, ɓaro-ɓaro, a gaban surukata. Ta ce in tashi in ɗaure kayana, Balan za mu. Shekara ashirin da 'yan kai ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

A Balan wata rigimar ta tashi. Baba ya ce tunda saifa ce, ai abu mai sauƙi, a kira wanzami ya yi tsaga ya kafa ƙaho, in kuma ruwa ne ya taru a yi sakiya ya tsiyaye. Sakiya ita ce a gasa ƙarfe ya yi ja a huda kumburi da shi. Gwaggo ba ta ƙin tsagar saifa, ita da kanta ta sha kai yara. Amma da wanzamin ya yi sallama da zabirarsa, sai ta ɗauko kujera ta zauna a tsakiyar ƙofar ɗakinta.

"Auta, wanda zai huda cikin nan sai ya fara huda nawa."

"Yaya, to me kike so a yi?"

"Birni za mu. Malamin asibitin Gaya ya ce akwai injin da ke ganin cikin mutum ba a yanka shi ba. Hannuna ya ce mini ba ɗa ba ne, amma bai gaya mini mene ne ba. Ba a huda abin da ba a gani ba."

Baba ya ce asibitin birni yanka mutane suke yi, kuma matar aure ce, mijinta ba ya nan, da izinin wa? Ta ce da izinin wanda ya ba ta rai. Ya ce shi babu hannunsa. Ta ce dama ba hannunsa ta tambaya ba. Kwana biyu ba su gaisa ba. Ranar tafiya dai shi ya ɗaura wa jaki akumari, ya raka mu har tashar Gaya yana tafe a baya.

Muka karɓi takarda wurin malamin asibiti, muka hau bayan motar gyaɗa. Har muka haye gadar Wudil ban yi mata magana ba, ni a dole an raba ni da ɗana. Ita kuwa ta sa bayanta ta tokare ni don kada gargada ta buga mini gefen hagu. In za ta miƙo mini fura sai ta kira sunana. In za ta ce in gyara zama sai ta kira sunana. Kowane kira sai na ji shi har cikin ƙashina.

Likitan da muka samu baƙo ne daga wata ƙasa, Hausarsa ba ta wuce sannu da ina ciwo ba, wata nas ce take yi mana tafinta. Ya ce ba za a ɗauki hoto ba sai an tabbata babu ciki, don hasken injin yana yi wa ɗan tayi lahani. Raina ya ɗan yi sanyi, na ce yau za a ƙaryata tsohuwa. Aka duba ni, aka kara wani ɗan ƙaho a cikina aka saurara, aka karɓi fitsari. Da sakamako ya fito nas ɗin ta dafa kafaɗata ta ce, "Ki yi haƙuri, 'yar'uwa, babu." Ranar na yi kukan 'yar rigar da na ɗinka. Gwaggo tana gefe tana ɓare goro, ba ta ce ai na faɗa ba.

Ranar hoto da safe ta kwance ƙunshinta ta fito da zanina na fita unguwa, da 'yan kunne, da tsakiya ta wuya. Ta kama haɓata ta rambaɗa mini kwalli, fuska a ɗaure. Nas ta leƙo ta ce me ake yi haka? Gwaggo ta ce, "Ba hoto kuka ce ba? Ba za ta shiga a yamutse ba, a ce daga ƙauye take." Aka kai ni wani ɗaki mai duhu, aka ce in tuɓe duka, da 'yan kunnen da tsakiyar, aka ba ni wata riga mai igiya a baya. Na kwanta a kan tebur mai sanyi, wani ƙaton ƙarfe na rataye a kaina. Mai ɗaukar hoton ya laɓe bayan bango ya ɗaga murya: "Ja numfashi. Riƙe. Saki." Daga waje na jiyo Gwaggo tana cewa, "Ji ɓarawo, ai maganata ce wannan." Washegari aka sake wani, bayan an ba ni wani farin abu mai kauri na sha, kamar an dama alli, wai don tumbina ya fito a hoton.

Da aka kira mu, likita ya manna baƙin faifan hoton a jikin wani akwati mai fitila. Na ga haƙarƙarina a jere, na ga ƙashin bayana. A sama ta gefen hagu ga wani abu zagayayye kamar ƙwarya, da siririn farin baki ya kewaye shi. A hoto na biyu ya nuna mana tumbina, fari fat, an ture shi gefe an matse, shi ya sa loma uku ke ƙosar da ni. Ya ce saifar da zazzaɓin sauro ke kumburawa, wadda muka saba gani a jikin yara, tsoka ce take girma gaba ɗaya, ba ta yin baki irin wannan. Wannan jaka ce ta ruwa ta fito a cikin saifar kanta, har bangonta ya yi tauri.

Sai ya shiga tambaya. Muna da karnuka a gida? Muna kiwon tumaki? Ya ce akwai wata tsutsa da ke bi ta wurinsu ta yi wa mutum irin jakar nan. An yi mini wata 'yar allura a fatar hannu don a gane, ba ta nuna komai ba. Ya ce to na taɓa faɗuwa, ko wani abu ya buge ni a gefen nan? Na ce a'a.

Gwaggo ta ce, "Ta faɗi." Ba ni take kallo ba, nas take kallo. "Tana da shekara tara, da kaka, ta hau rumbu ɗebo gero, ta zamo ta faɗa kan turmi ta gefen hagu. Kwana uku ba ta ci tuwo ba, da ruwan kanwa na yi ta gasa mata wurin."

Ni na manta sam. Likita ya gyaɗa kai ya ce mai yiwuwa daga nan ne: jini ya taru a ciki, shekaru suka mai da shi ruwa, yana ta ƙaruwa a hankali. Nas ta ba shi labarin sakiyar da aka so yi. Ya ajiye alƙalaminsa ya ce saifa tafkin jini ce, da an huda da ban kai Wudil ba. Ya ce ko jira aka ci gaba da yi, wata rana faɗuwa ɗaya ta isa ta fasa ta. Gwaggo ta tashi ta matsa gaban akwatin, ta ce a nuna mata inda ɗa yake zama. Aka nuna mata ƙasa, tsakanin ƙasusuwan ƙugu, ba komai sai duhu. Ta daɗe tana kallo, sa'annan ta koma ta zauna.

Aka ce sai an yi aiki an cire saifar duka da jakar, kuma sai wani nawa ya dangwala yatsa a takarda. Miji na bakin daga, uba na Balan. Nas ta buɗe tawada ta dubi Gwaggo.

"Inna, ke ce uwarta?"

Gwaggo ta dube ni. Na san jira take yi. Kalma ɗaya ce a bakina, in ce e, ita ce. Na juya fuska ina kallon bango, kunya da taurin kai suka riƙe mini harshe.

Ta ce, "Ba ni na haife ta ba. Yayar ubanta ce ni." Ta dangwala.

An yi aiki lafiya. Sati uku tana kwana a kan tabarma a gindin gadona. Likita ya ce wanda ba shi da saifa zazzaɓi ba ya yi masa da wasa, in riƙa shan ƙwaya kuma kada in kwana ba gidan sauro. Gwaggo ta riƙe wannan kamar karatu. Har na haifi 'ya'ya uku, in ta zo Toranke, kafin ta gaisa da kowa sai ta shiga ɗakina ta bi gidan sauron da yatsa tana neman huda.

Ranar sallama ta tsaya a ƙofar ɗakin hoto ta ce ba za ta tafi ba sai an ba ta faifan. Aka ce na asibiti ne. Ta ce cikin na asibiti ne? Ta zauna a nan tun safe har suka gaji suka ba ta ɗaya. Ban gane dalilinta ba sai da muka dawo. Ashe labari ya riga mu isa gida, wai an kai ni birni an zubar da cikin shege, ungozoma ta rufa asiri. Gwaggo ta san garinta.

Ta ɗauki faifan nan ta bi Toranke gida-gida. Ta yi sallama, ta tsaya a tsakar gida, ta ɗaga shi sama ta saitin rana, mata su kewaye ta. "Ga haƙarƙari. Ga ƙwaryar ruwa. To ke mai baki, zo nuna mini kan ɗa. Nuna mini ƙafa." Har bakin rijiya ta je, har wurin masu sussuka. Wasu tsoro ya sa suka gudu ɗaki, wai ta zo da ƙashin mutum. Da yaƙi ya ƙare mijina ya dawo, Balan ta sa aka fara kai shi. Bai ko sha ruwa ba ta ɗaga masa faifan. Shi ya ga irinsu da yawa a asibitin soja. Ya duba, ya yi murmushi ya ce, "Gwaggo, ai kin juya shi, ƙafa na sama." Ta ce, "Ko ta ina ka juya shi babu ɗa a ciki." Ya ce shi dama bai tambaya ba.

Bayan nan ta rasa inda za ta ajiye shi, sai ta liƙe shi a 'yar tagar ɗakinta ta gabas, ta daɓe gefen da laka, wai yana tare iska. Kullum da safe rana sai ta biyo ta tsakanin haƙarƙarina ta sauka a kan tabarmarta.

Shekara tara ke nan. Ita ta karɓi haihuwata duka uku, ta yi mini wankan jego, ta zage ni yadda take zagin kowa. Amma ba ta koma ce mini yarinyar nan ba. Sunana take kira, kamar yadda take kiran 'ya'yan maƙwabta. Ni kuma ban taɓa ce mata ta yafe mini ba. Na sha ɗaura niyya. In sayi goro da turmin atamfa in tafi Balan, in zauna a gabanta, in buɗe baki, sai in ji ina tambayarta lafiyar akuya. Ita ma sai ta ba ni labarin akuyar tiryan-tiryan. A ciwonta na ƙarshe na kwana goma ina matsa mata ƙafa, maganar tana nan ban faɗa ba. Na ce bari ta ɗan ji sauƙi. Ranar Talata na fita ɗebo mata ruwan zafi, na dawo na tarar ta tafi. Na ɗauka da fushina a ranta ta tafi, kuma na san na cancanta.

Ranar sadakar uku da hantsi wata tsohuwar Bafulatana ta iso daga wata ruga a bayan Ajingi, da sandarta da ƙwaryar nono. Ban san ta ba. Ta ce marigayiya ce ta ceci 'yarta a wata doguwar naƙuda. Ta shiga ɗakin Gwaggo ta yi addu'a, ta ɗaga kai ta ga tagar, ta juyo tana duban matan da ke zaune.

"Ina 'yar tata? Ita nake so in yi wa gaisuwa."

Dattijuwar nan ta ranar farko ta ce, "Ai ba ta haihu ba, Allah bai ba ta ba."

Tsohuwar ta ce, "A'a. Mai hoton nan fa? Bara da kaka na kawo mata man shanu, na ce wannan abin tsoro na mene ne kika liƙa a taga. Ta ce ba abin tsoro ba ne, hoton 'yarta ne ta fari, ba ta da wani sai shi. Na ce wa sunanta? Sai ta rufe baki da mayafi ta ce, haba, ke da kike Bafulatana, ya za ki sa ni in faɗi sunan 'yar fari?"

Ludayin da ke hannuna ya faɗi cikin kunu. Bara da kaka. Ashe a gabana kawai take kiran sunan, tana jiran in zo in karɓe shi daga bakinta, ni kuma ina can ina tambayar akuya.

Na tashi na ratsa mata, na je na zauna a kan tabarmarta, a ƙarƙashin tagar, inda ranar ke sauka. Na ce, "Ni ce." Tsohuwar ta dafa sandarta ta durƙusa a gabana, ta kama hannuna biyu ta ce, "Sannu, 'yata. Ya haƙurin rashin uwa?" Sai a lokacin kukan da ya ƙi zuwa kwana uku ya zo.

Ya Allah, ta gasa hannunta kafin ta taɓa bayinka, ka sanyaya mata kabarinta. Ta ƙi yin ƙarya a inda ƙaryar ta fi sauƙi, ka karɓe ta da gaskiyarta. Abin da na kasa roƙonta tana da rai, ka isar mata da shi. Allah ya jiƙan Innata.